Juyin 1848 a Turai: ta yaya aka ci birane cikin makonni, aka kuma rasa su cikin shekara ɗaya da rabi?

Ummu Haidar:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malaman tarihi na wannan zaure. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris na 1848, sarkin Faransa ya tsere Ingila, Metternich ya gudu daga Biyana bayan kusan shekara 39 yana juya harkokin wajen Ostiriya, sarkin Purusiya ya cire hula a gaban gawarwakin mutanen da sojojinsa suka harbe, Milan da Benis suka kori dakarun Ostiriya. Amma kafin ƙarshen Agusta 1849 an murƙushe kusan komai. Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin haɗin kai, ni kuwa ba ta gamsar da ni ba, don duk tafiyar da ta watse ana iya jingina mata wannan. A aikace nake so in sani: mene ne ya kamata su kama a makonnin farko da ba su kama ba? Su kuma sarakunan da aka ce sun rusuna, da wane kayan aiki suka dawo?

Malam Bawa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Fara da lura cewa in ban da Faransa, babu wata babbar gadon sarauta da ta faɗi a Fabrairu da Maris. Abin da sarakunan suka yi shi ne sallamar ministocin da aka tsana, ɗauko masu sassaucin ra'ayi a maye gurbinsu, ɗage tace jaridu, ba da izinin kafa rundunar tsaro ta 'yan gari, da alkawarin kundin tsarin mulki. Duk waɗannan abubuwa ne da sa hannu ɗaya ke bayarwa, sa hannu ɗaya kuma ke janyewa. Abu uku ne ba su saki ba: umarnin soja, ma'aikatan gwamnati, da baitulmali. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sai a tambaya, in sojan yana hannunsu, me ya sa suka sha kashi a Maris? Saboda an tura shi faɗan da bai iya ba. Titunan tsofaffin birane matsattsu ne, kuma da duwatsu aka shimfiɗa su. Mutanen unguwa sukan ɓamɓare duwatsun da ƙarfe, su kifar da keken doki a bakin layi, su jera gangunan da aka cika da ƙasa, su ɗora katako da kujeru da ƙofofi, cikin 'yan sa'o'i shinge ya kai tsayin mutum. Doki ba ya tsallake shi. Sojan ƙasa in ya matso, ana yi masa ruwan duwatsu da fale-falen rufi daga saman bene, in ya ci shinge ɗaya ya tarar da wani a gabansa, na bayansa kuma an sake ɗaga shi. Abin da hafsoshi suka fi tsoro ma ba wannan ba ne: ƙaramin soja da ya kwana biyu a tsaye a titi, ba barci ba abinci, mata suna miƙo masa burodi suna yi masa magana, ba ka da tabbacin zai harba in ka ce ya harba.

Don haka aka fitar da rundunonin daga birane, kuma a nan ne masu juyi suka yi kuskuren lissafi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A Balin, ranar 18 ga Maris an kashe farar hula kusan 300, sojoji ma su ke da rinjaye a faɗan, sarki Frederick William na Huɗu ne ya karaya ya ce su janye washegari. Sun fita da makamansu da hafsoshinsu da rantsuwarsu ta biyayya ga sarki, babu abin da ya taɓa su. A Milan, bayan kwana biyar na faɗa daga 18 zuwa 22 ga Maris, kwamandan Ostiriya Radetzky, tsoho ɗan shekara 81, ya kwashe rundunarsa zuwa ganuwoyi huɗu na Verona, Mantua, Peschiera da Legnago, ya zauna yana jiran ƙarin dakaru.

Darasin da janar-janar suka ɗauka shi ne kada a shiga gari, a zagaye shi a buɗe masa igwa daga tudu. Janar Windischgrätz na Ostiriya ya gwada haka a Prague a watan Yuni, bai cika mako ba garin ya miƙa wuya. A Oktoba, bayan taron jama'a ya kashe ministan yaƙi Latour, fadar sarki ta fice zuwa Olmütz, shi kuma ya yi wa Biyana ƙawanya da sojoji kusan 70,000. An fatattaki 'yan Hangari da suka zo ɗauki a Schwechat ranar 30 ga wata, garin ya faɗi ranar 31. A Balin ma ba a buƙaci igwar ba: Janar Wrangel na Purusiya ya shigo da mutum 13,000 ranar 10 ga Nuwamba, aka karɓe makaman rundunar 'yan gari. Majalisar Purusiya ta zartar cewa jama'a su daina biyan haraji, amma masu karɓar harajin ma'aikatan sarki ne, kuma mai dukiya yana tsoron rikici fiye da yadda yake tsoron sarki. Ranar 5 ga Disamba aka rushe majalisar, sarki ya ba da kundin da shi ya rubuta wa kansa.

Majalisar Frankfurt, wadda aka zaɓa don ta rubuta wa haɗaɗɗiyar Jamus kundi, ita ce misali mafi tsirara. Ta fara zama a cocin Paulskirche ranar 18 ga Mayu, ta naɗa Yarima Johann na gidan Habsburg mai sarautar Ostiriya a matsayin mai riƙon ƙwarya na Jamus duka, ta kafa ma'aikatu. Ba ta da soja ko ɗaya, ba ta da harajin kanta. Da ministan yaƙinta ya umarci dakarun dukkan ƙasashen Jamus su yi faretin mubaya'a ga mai riƙon ƙwaryar ranar 6 ga Agusta, manyan ƙasashen suka yi kunnen uwar shegu. Yaƙin da take yi da Danmak a kan Schleswig da Holstein kuwa da sojan Purusiya take yin sa, saboda haka da Purusiya ta tsagaita wuta a Malmö ba tare da ta jira izininta ba, majalisar ta ƙi yarjejeniyar ranar 5 ga Satumba, sannan ta lashe amanta ta karɓa ranar 16. Kwana biyu bayan haka jama'a suka yi bore, sai ga ta tana kiran sojojin Purusiya da Ostiriya daga Mainz su zo su kare ta. Daga wannan rana kowa ya san wa ke riƙe da wa.

Mai Alƙalami:

Allah ya saka wa Malam Bawa da alheri. Bayani ɗaya kafin in ƙara nawa, don kada a haɗa shi da sauran sarakunan: sarkin Faransa Louis-Philippe ba sarki mai cikakken iko ba ne. Shi kansa juyin Yuli 1830 ne ya kawo shi, yana da kundi da majalisa. Matsalar ita ce sai mai biyan harajin kai-tsaye na faran 200 (kuɗin Faransa) ke da ƙuri'a, wato mutum kusan 240,000 a ƙasa mai mutum miliyan 35. Ya kuma faɗi ne saboda rundunar 'yan gari ta Paris, wadda 'yan kasuwa da masu shaguna suka cika, ta ƙi kare shi ranar 23 ga Fabrairu.

A Faransa bayanin Malam Bawa bai wadatar ba, don jamhuriya ta gāji soja da baitulmali duka. Matakai uku ne suka ci ta, kuma kowannensu ya ɓata na kusa da shi.

Na farko kuɗi. Gwamnatin riƙo ta tarar da asusu ba komai, masu ajiya suna rububin kwashe kuɗinsu. Ba ta so ta tsorata masu bin gwamnati bashi, sai a tsakiyar Maris ta ƙara santim 45 a kan kowane faran na harajin kai-tsaye. Kaso mafi tsoka na wannan haraji a kan filaye yake, saboda haka takardar farko da ƙaramin manomi ya samu daga jamhuriya ita ce ta ƙarin kashi 45 cikin ɗari.

Na biyu ranar zaɓe. An ba kowane namiji baligi ƙuri'a, masu zaɓe suka tashi zuwa kusan miliyan 9, akasarinsu mutanen karkara da ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba. Blanqui, jagoran masu tsattsauran ra'ayin juyi, da jama'arsa sun nemi a jinkirta sosai don a samu lokacin wayar da kai, abin da suka samu mako biyu ne, daga 9 zuwa 23 ga Afrilu, ranar Ista. Ba a ƙauye ake jefa ƙuri'a ba, sai a hedikwatar gunduma. A wurare da dama mazan ƙauye sukan fito daga coci su jera sahu, limamin coci ko magajin gari ko mai manyan filaye yana gaba, su taka tare har rumfar zaɓe. Fiye da kashi 80 cikin ɗari sun fito. Majalisar da ta fito daga wannan ta masu ra'ayin 'yan mazan jiya ce da masu tsaka-tsaki.

Na uku shirin samar da aiki na gwamnati a Paris. Ana biyan faran 2 ranar da aka yi aiki, abin da bai kai haka ba ranar zaman jira. Ba a tanadi aikin ƙwarai ba, yawanci haƙa da kwasar ƙasa ne, har tela da maƙeran zinariya aka miƙa wa shebur. Kafin Yuni masu rajista sun haura 100,000. Manomi yana ganin santim 45 ɗinsa ne ake raba wa 'yan zaman banza, ma'aikaci kuma yana ganin wannan ne kaɗai abin da jinin Fabrairu ya samo masa. Ranar 21 ga Yuni aka ce samari marasa aure 'yan 18 zuwa 25 su shiga soja, sauran a tura su larduna. Daga 23 zuwa 26 ga Yuni ma'aikata suka yi bore, Janar Cavaignac ya murƙushe unguwannin gabashin Paris da igwa. Dubbai sun mutu ko sun jikkata, an kama fiye da 10,000. Cikin waɗanda suka fi zafin kai hari har da wata sabuwar runduna da aka ɗebo daga samarin talakawan Paris ɗin, ana biyansu faran ɗaya da rabi a rana.

Sauran aikin kundin Nuwamba 1848 ne ya ƙarasa shi, kuma ni a ganina shi ne aibi mafi girma a ƙira. Shugaba ɗaya da ƙasa duka ta zaɓa, ga soja a hannunsa, shekara 4 ba tazarce, a gabansa majalisa ɗaya, babu wanda zai raba su in sun saɓa, gyaran kundi kuma sai da kashi uku cikin huɗu. Louis-Napoléon, ɗan ɗan'uwan Napoleon na Ɗaya, ya ci zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'a kusan miliyan 5.4 ranar 10 ga Disamba, Cavaignac ya samu kusan miliyan 1.4. A Yuli 1851 ƙudurin gyara ya samu 446 a kan 278, rinjaye ne amma bai kai ƙa'ida ba. Ranar 2 ga Disamba 1851 ya yi juyin mulki.

Hajiya Talatu:

'Yar'uwa Ummu Haidar, in kina son gwada maganar Malam Bawa, dubi Hangari, don su sun kama abin da saura suka bari. Dokokin Afrilu, waɗanda sarki Ferdinand na Ostiriya ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilu 1848, sun ba su gwamnatin Batthyány da ma'aikatar kuɗi da ta yaƙi nata na kanta. A Yuli ministan kuɗi Kossuth ya nemi majalisa ta amince da soja 200,000, ta amince. Ya buga takardun kuɗi, aka kafa sabbin bataliyoyi, aka kuma riƙe ganuwoyi irin Komárom. Sakamakon shi ne a bazarar 1849 sun kori rundunar Ostiriya daga mafi yawan ƙasar, har sai da saurayin sarki Franz Joseph, wanda ya gaji Ferdinand, ya roƙi Nicholas na Ɗaya na Rasha, wanda ya turo mutum kusan 200,000. Kwamandan Hangari Görgei ya miƙa wuya ga Rashawa a Világos ranar 13 ga Agusta, aka kashe janar-janar 13 a Arad ranar 6 ga Oktoba, aka harbe Batthyány a Pest a wannan ranar.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Masu jin harshen Magyar, wato harshen Hangari, ba su kai rabin mutanen masarautar ba. Dokokin sun ba kowa 'yanci a matsayinsa na mutum, ba su ba wata al'umma komai a matsayinta na al'umma ba, harshen hukuma kuma Magyar. Sabiyawa suka ɗauki makami a kudu, Rumaniyawan Transylvania suka yi babban taro a Blaj a watan Mayu suka ƙi a haɗe su da Hangari, fadar Biyana kuma tun Maris ta naɗa Jelačić gwamnan Kuroshiya. Ranar 11 ga Satumba ya haye kogin Drava da rundunarsa ya kai wa Hangari hari. Dokar ba ƙananan al'ummomi haƙƙin harshe sai a ƙarshen Yuli 1849 aka zartar da ita a Szeged, ihu bayan hari.

Saboda haka ban yarda a ce rashin haɗin kai kawai ba, kamar sakaci ne. Mai neman kundi yana tambayar yadda za a yi mulki, mai kishin ƙasa yana tambayar inda iyaka za ta bi, kuma a tsakiyar Turai babu layin da za ka ja ba ka bar wani a ƙarƙashin wani ba. Da aka gayyaci masanin tarihi Palacký zuwa Frankfurt a madadin Bohemia, ya ƙi, don shi Baceke ne, kuma yana ganin ƙananan al'ummomin Silab sun fi tsira a cikin Ostiriya da aka gyara fiye da a tsakanin babbar Jamus da Rasha. Masu sassaucin ra'ayin Jamus da suka yi wa 'yan Polan kirari a Maris, su ne a Yuli a majalisar Frankfurt suka zaɓi shigar da mafi yawan lardin Posen cikin Jamus. Watannin da suka ci suna gardamar ko a saka Ostiriya ko a bar ta, su ne watannin da sarakuna suka farfaɗo. Sai 28 ga Maris 1849 suka zaɓi sarkin Purusiya ya zama sarkin Jamus duka da ƙuri'a 290, mutum 248 suka ƙaurace, shi kuma ya ƙi karɓar kambi daga hannun majalisa.

Italiya a taƙaice: an dogara da sojojin sarakunan da kowa tasa ta fisshe shi. Fafaroma Pius na Tara ya zare hannunsa daga yaƙi da Ostiriya ranar 29 ga Afrilu, sarkin Naples ya kira dakarunsa gida bayan 15 ga Mayu, Charles Albert na Piedmont ya ɓata lokaci a kan ƙuri'ar haɗe Lombardy da masarautarsa. Radetzky ya buge shi a Custoza a Yuli 1848, ya sake bugunsa a Novara ranar 23 ga Maris 1849. Jamhuriyar Roma ta Mazzini da Garibaldi kuwa sojojin jamhuriyar Faransa ne suka rushe ta a farkon Yuli.

Ummu Haidar:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura abu biyu. Manoma su ne mafi yawan jama'a, kuma 'ya'yansu ne sojojin. A wajen Faransa ina suka tsaya? Sannan akwai abin da ya rage bayan 1849, ko komai ya koma gidan jiya?

Malam Bawa:

A daular Habsburg damuwar manomi ɗaya ce, aikin dole a gonar mai ƙasa, kwana kaza a mako, wani da dabbobinsa wani da hannunsa, ga kuma kotun da mai ƙasar ne alƙalinta. Fada ta san haka tun 1846, lokacin da manyan Polan na lardin Galicia da ke ƙarƙashin Ostiriya suka yi tawaye, manomansu suka juya musu suka kashe kusan 1,000. Don haka a Afrilu 1848 gwamna Stadion ya yi sauri ya soke aikin dole a Galicia da sunan sarki, kafin 'yan kishin Polan su riga shi. A majalisar Biyana, matashin wakili Hans Kudlich ya kawo ƙuduri, aka zartar da doka ranar 7 ga Satumba. Da aka zo lissafin diyya, an yafe kashi ɗaya cikin uku na ƙimar, hukuma ta ɗauki ɗaya, manomi ya biya ɗaya a hankali. Manomi ya samu abin da yake nema, ya koma gona. Wata guda bayan haka aka yi wa Biyana ƙawanya, aka fita karkara neman ɗauki, ba wanda ya taso. Ki haɗa da cewa yunwar da cutar dankali da ƙarancin hatsi na 1845 zuwa 1847 suka jawo ta riga ta lafa, farashin burodi ya sauko.

Akwai kuma wurin da ya nuna iyakar maganata ta farko. A Baden da ke kudu maso yammacin Jamus, a Mayu 1849, sojoji da kansu suka yi bore suka koma ɓangaren juyi, mai mulkin ƙasar ya gudu, baitulmali ya shiga hannunsu. Amma ƙaramar ƙasa ce, kuma a lokacin Purusiya ta gama da nata. Yarima Wilhelm na Purusiya ya zo da dubun-dubatar sojoji, ganuwar Rastatt ta miƙa wuya ranar 23 ga Yuli.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Aikin dole bai dawo ba, ko bayan da Franz Joseph ya soke kundi a ƙarshen 1851. Piedmont ta riƙe kundinta na 4 ga Maris 1848, shi ne ya zama na Italiya a 1861. Danmak ta bar sarauta mai cikakken iko da kundin 5 ga Yuni 1849, Holan ta samu gyaran kundi na Thorbecke, Suwizalan ta zama tarayya a Satumba 1848, Faransa ta haramta bauta a yankunan da take mallaka ranar 27 ga Afrilu 1848. Purusiya ma ta ci gaba da majalisa, sai dai ki dubi yadda aka ɗinka ta a dokar 30 ga Mayu 1849. A kowace mazaɓa ana jera maza bisa yawan harajin da suke biya, daga babba zuwa ƙarami, a raba jimillar harajin gida uku. Waɗanda suka cika kason farko su ne aji na ɗaya, ko da mutum biyu ne ko ɗaya, haka har aji na uku. Kowane aji yana zaɓen adadi ɗaya na wakilan zaɓe, su kuma su zaɓi ɗan majalisa. A zaɓen farko aji na ɗaya bai kai kashi 5 cikin ɗari na masu zaɓe ba, na uku ya haura kashi 80. Kuma da baki ake faɗin sunan wanda aka zaɓa, a gaban jami'i yana rubutawa, mai gonar da kake haya ko mai masana'antar da kake wa aiki yana zaune yana ji. Da wannan tsari aka yi ta zaɓe a Purusiya har 1918.